Katin gayyata mai zinare da tudu: yadda za ka bi aikin daga zane har ambulan

Ana saura kwana 12 ɗaurin auren 'yarta wata Hajiya ta shigo shagonmu a nan Bauchi, ta zaro kati daga jaka ta ajiye a kan tebur. Shuɗi ne mai duhu, mai kauri, sunan ango da na amarya da ruwan zinare, ga wani fure a kusurwa da ya taso ba tawada a jikinsa. Ta ce, "Ɗana, irin wannan nake so, guda 600." Na ɗaga shi na karkata ga hasken ƙofa, na juya bayansa, na bi shi da ɗan yatsa. Na ce, "Hajiya, wannan katin inji huɗu ya bi kafin ya zo hannunki, kuma biyu daga ciki ba a shagon nan suke ba." Ta ce ita dai a waya ta ga ana yi cikin kwana biyu.

A nan yawancin mutane ke tuntuɓe. Sai an gama zane an so shi, sannan a tambayi yadda za a buga. A baibai ke nan. Hanyar bugu ita ke zaɓar takarda, ita ke faɗin girman rubutu, ita ke yanke yawan kwanakin da aikin zai ci. Saboda haka ga yadda nake bi da duk wanda ya zo.

Fara da ƙirgen mutane da kwanaki

Kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da iyaye ku raba baƙi gida biyu. Akwai waɗanda dole a kai musu kati hannu da hannu: surukai, dattawan unguwa, masu sarauta, abokan aikin Baba, ƙawayen Mama na kusa. Sauran kuwa kati mai sauƙi ya ishe su, da yawansu ma a WhatsApp za su gani. Dalilin rabawar kuɗi ne. Duk bugun da ke buƙatar hatimin ƙarfe ko faranti, wato fallen da ke ɗauke da zanen da za a buga, kuɗin hatimin ɗaya ne ko kati 50 za ka yi ko 500. A ce hatimi ya ci naira 20,000: a kati 50, kowane kati ya ɗauki 400 kafin a sayi takarda, a kati 500, naira 40 kacal. Amma takarda mai kauri da foyil, wato ledar da ke ba da ruwan zinare, da ladan mai dannawa suna hawa ne da yawan kati. Shi ya sa matsakaicin adadi na masu tsada, da adadi mai yawa na masu araha, ya fi kowane tsari sauƙi a aljihu.

Kwanaki kuma, ka ba aikin musamman sati 3 aƙalla. In hatimin daga Kano ko Jos ko Shomolu ta Legas za a sassaƙo shi, tafiya da dawowa kaɗai sun cinye kwanaki. Ka kuma dubi lokaci: watan Sha'aban da kowa ke son a ɗaura kafin azumi, bayan Sallah, Disamba, da kakar siyasa da fosta ke cika kowace maɗaba'a. A irin waɗannan ranakun "gobe in sha Allahu" takan kai mako.

San hanyoyin da yatsanka

Kusan kowane kati yana da bugun ƙasa, wato kala da rubutun da ke kwance, sannan a ɗora ado a kai. Bugun ƙasa iri biyu ne. Na dijital, wanda 'yan maɗaba'a ke kira Di-ai, ba ya son faranti, daga kwamfuta sai takarda, shi ya dace da kati 50 zuwa 'yan ɗaruruwa. Na ofset kuwa sai an yi faranti ga kowace kala huɗu, kuma asalinsa dabarar nan ce ta cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa, wadda Alois Senefelder ya gano a Jamus a 1796. Tsohon injin Kord na kamfanin Heidelberg da ya cika maɗaba'un ƙasar nan kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, don haka takarda sai ta bi shi sau huɗu. In mai injin gwani ne, aiki ya fito tas. In ba haka ba, ka ga ja ya leƙo ta gefen baƙin rubutu. Sai adadi ya kai dubu ofset ke nuna araharsa.

Abu ɗaya da za ka riƙe: a kala huɗun da aka saba bugawa, duka biyun ba su da zinare, kuma ba su da fari sai a wasu injuna na musamman. Zinaren da ke ƙyalli a fuskar wayarka, in aka buga shi da tawada, ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar kunun tsamiya. Tawadar kuma ba ta rufe takarda mai duhu. Wanda ke son zinare na gaske, foyil yake nema.

Foyil wata siririyar leda ce mai ruwan ƙarfe, a naɗe take zuwa. Hanyar asali ita ce ta zafi: a sassaƙa rubutun a jikin hatimi na magnesiyam, ko jan ƙarfe in aikin da yawa ne, a ɗaura shi a inji, a ɗumama shi galibi tsakanin digiri 100 zuwa 130 gwargwadon irin foyil ɗin, sannan ya danna ledar a kan kati. Abu uku ke riƙe da aikin: zafi, nauyin dannawa, da daɗewar hatimi a kan takarda. Na sha tsayawa kusa da wani dattijo mai wannan sana'a. Zai danna ɗaya, ya ɗago katin dab da idonsa, ya kankare shi da farce. In zinaren ya ɓare, zafi bai isa ba. In cikin harafin "a" da "e" ya cike, zafi ya yi yawa. In gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, sai ya yago 'yar takarda ya liƙa a ƙarƙashin wajen da ya yi ƙasa, ya sake dannawa. Yakan ɓata kati 10 ko fiye kafin ya ce "to, bismillah". Waɗannan da ake ɓatawa a cikin takardarka suke, don haka ka sayi rarar kashi 10 cikin 100.

Foyil yana rufe duk kalar da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa yake haskawa a kan shuɗi, baƙi ko kore mai duhu. Abin da ba ya so shi ne rubutu ƙanana da layi siriri kamar gashi. Sunayen ango da amarya, kan kati, da ɗan ado a gefe sun isa. Jerin wuraren biki da lambobin waya a bar wa tawada.

Akwai kuma ta talaka, wadda za ka iya yi ko a Yelwa ko a Wunti in akwai firintar leza da injin laminetin. Ka buga abin da kake so ya zama zinare da baƙi wuluk a firintar leza, ba mai tawadar ruwa ba. Ka yanko foyil irin wanda ke kama hodar firinta daidai girman wurin, ka ɗora shi ɓangaren ƙyalli yana sama, ka rufe da farar takarda, ka tura cikin injin laminetin da ya yi zafi sosai. Hodar ta narke ta zama gam. Ka bari ya huce, sannan ka ɗaye a hankali. Sharaɗinsa takarda mai santsi. A kan mai gurza-gurza zai fito da ɗigo-ɗigon baƙi kamar ƙyanda. Kuma duk inda hoda take foyil zai kama, don haka kada ledar ta taɓa sauran rubutu. Ba ya lotsa takarda kamar na hatimi, wanda ya sani zai gane, amma ga kati 40 na kamu ko walima ya wadatar. In an ɗauke wuta katin na tsakiyar inji, wannan kam ya tafi.

Tudu, wanda ake kira embosin, hatimi biyu ne, mace da namiji, a matse takarda a tsakaninsu har siffar ta taso. In ba tawada ba foyil, sai inuwa kawai, shi ne irin furen katin Hajiya, kuma a ganina babu adon da ya kai shi nutsuwa. Sai dai duk abin da ya taso ta gaba ya lotsa ta baya, don haka kada ka tsara rubutu a bayan wurin.

Bugun hoda, wato tamogirafi, kwaikwayon tudu ne mai araha. Ana buga rubutu da tawada mai jinkirin bushewa, a barbaɗa hodar ƙaro tun tana ɗanya, a kakkaɓe rara, a bi da shi ta wuta, hodar ta narke ta kumbura. Rubutu ya taso yana sheƙi, baya kuma sumul. Yana kyau a rubutu, yana muni a faffaɗan wuri, yana tsagewa in ya faɗa kan layin naɗi.

Bugun dannawa, letafires, yana cikin mafi tsufansu, tun Gutenberg a garin Mainz wajen 1450. A da gwanintar ita ce harafi ya taɓa takarda ba tare da ya lotsa ta ba. Yau kuma lotsawar ake saye da tsada, a kan takardar auduga mai laushi. Kala ɗaya ake bugawa a kowane zagaye, saboda haka kala biyu kuɗi biyu ne. Abin mamaki, injunan da Turawa ke nema ruwa a jallo don wannan aiki, irinsu ne a maɗaba'unmu ake buga lambar rasit da yanka kwali da su. In ka samu mai irin wannan inji kuma mai haƙuri, ka kawo masa faranti da takarda, zai iya.

Bugun sassaƙa kuwa, in kana son sanin yadda yake, shafa sabuwar takardar naira 1,000 ka ji yadda hoto da rubutu suka taso. Tawada ce ke shiga ramin faranti a matso ta da ƙarfi. Tsadarsa ta wuce katin biki, ban taɓa ba kowa shawararsa ba.

Bugun rariya, sikirin, shi ne wanda muka fi kowanne gwanaye a kai. Kyalle ne mai ƙananan ƙofofi a ɗaure a katako, a shafa masa magani, a ɗora zane a shanya a rana ta gasa shi, a wanke, sai fenti ya riƙa bi ta inda zanen yake in an ja shi da roba. Fentinsa mai kauri ne, yana ba da fari da ruwan zinare a kan baƙar takarda, yana hawa kan jaka, kyalle, fata da roba. In kana son kati da jakar rabon kaya su zo iri ɗaya, nan za ka nufa. Katin roba mai kama da gilashi shi ma ta nan ko ta injin yubi, wato UV, mai busar da tawada da haske, ake buga shi. Yana da kyau a hoto, amma yana karcewa, kuma sai ka tsaya a haske kafin ka karanta. Mai yankan leza kamar leshi kuma ka duba gefensa, farar takarda takan yi baƙin ƙuna.

Takarda

Da giram ake auna ta. Ta fotokwafi 80 ce. Katin gayyata ya fara daga 250, amma 300 zuwa 350 ne ke tsayawa a hannu ba ya langaɓewa. Tudu da dannawa suna son marar sheƙi mai kauri. Foyil na laminetin yana son mai santsi. Kada ka zaɓa a waya, je ka taɓa.

Girma kuma ka fara da ambulan, don ambulan ba a yanka shi yadda ka ga dama cikin sauƙi. Kati A5, milimita 148 da 210, yana shiga ambulan C5. A6, 105 da 148, yana shiga C6. Babbar takardar Di-ai mai 320 da 450 tana ɗaukar A5 guda 4 ko A6 guda 8, don haka rage girma kaɗan na iya raba kuɗin bugu biyu. In katin mai naɗewa ne, sai an fara yi masa layin karya da inji, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da kwali har ya tsage a gwiwa farin ciki ya bayyana. Da damina kuma matsalar lanƙwashewa ce da tawada mai ƙin bushewa.

Rubutu da fayil

Nan ne asarar gaske take, domin hatimin ƙarfe ba a goge shi. Rubuta komai a takarda tukuna: sunayen iyalai biyu da laƙabinsu kamar yadda su suke so, wanda ya rasu a sa masa marigayi, wuri, lokaci, da jerin kamu, walima, dina da kai amarya in duk a kati ɗaya ne. Ka kai wa babba a kowane gida ya karanta. Sarautar da aka manta ko Alhajin da aka tsallake na iya sa a ƙi raba kati.

Sai ƙugiya. Yawancin haruffan ado na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Ni kaina na taɓa aika fayil lafiya lau, a kwamfutar maɗaba'a aka buɗe shi da wani harafin, "ɗaurin aure" ya fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, a kati 300. Maganinsa, in an gama zane a CorelDraw, a zaɓi rubutun duka a danna Ctrl da Q ya koma zane, sannan a fitar da shi PDF. Larabci ya fi wannan haɗari: yakan wargaje harafi ɗai-ɗai ko ya juya daga hagu, mai zanen da bai yi allo sosai ba kuma ba zai lura ba. A kai wa malami ya duba. Ni dai ra'ayina a bar aya da sunan Allah daga katin da za a raba da yawa, domin bayan biki a ƙasa ake tsintarsa, wani ma a ƙulla ƙosai da shi.

Kwanan wata: buɗe kalanda ka tabbatar sunan rana ya dace da lamba. Asabar ce 14 ko Lahadi? Na Hijira kuma ka tuna da ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi yake tafiya, in watan bikin bai kama ba tukuna zai iya gocewa da kwana ɗaya. Saboda haka sunan ranar da kwanan Miladiyya su fi fitowa. Lokaci ma a fayyace shi. "Bayan sallar Juma'a" a Masallacin Gwallaga ko a babban masallacin ƙofar fada kowa ya gane, amma "ƙarfe 11" sai an ce na safe.

Ga mai zane: kala ta zama CMYK, wato kala huɗun nan na bugu, hoto ya kai 300 dpi, a bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, rubutu ya nisanci baki da kamar milimita 5. Duk abin da zai zama foyil ko tudu a ware shi a shafinsa daban, baƙi tsantsa, ba inuwa ba dishi-dishi, domin daga shi za a yi hatimi.

Gwaji, sannan bugu

Kada ka yarda da hoton WhatsApp a matsayin samfur. A buga maka guda ɗaya a kan ainihin takardar, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, ka karanta da ƙarfi, ka kira lambobin wayar da ke jiki ɗaya bayan ɗaya. Sai ka sa hannu a bayansa, kai da mai maɗaba'a kowa ya ɗauki hoto. Bayan nan ne kawai za a aika a yi hatimi. Ku rubuta adadi, irin takarda, ranar karɓa da abin da ka bayar na kafin alƙalami. Rabi ya isa, cikon sai an ga kaya.

Jerin aikin ba ya sauyawa: bugun ƙasa, a bari ya bushe, laminetin in za a yi, foyil, tudu, sannan yanka da layin naɗi. In aka gaggauta yanka aikin ofset, tawadar wannan takan manne a bayan wancan. Ranar karɓa ka zaro daga sama, tsakiya da ƙasan ɗauri, don lalatattun a tsakiya suke kwana. Ka ƙirga. Kada kuma ka bar su a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, leda takan ɗago, hoda takan manne.

In takardun ofis ne

Ƙa'idar ta ɗan bambanta, domin takarda mai kai za ta sake shiga firinta. A yi ta a kan marar sheƙi mai giram 100 zuwa 120, irin su Conqueror, yadda biro da hatimin ofis za su kama. Kada a yi mata bugun hoda sai an tabbatar irin mai jure zafi ne, don firintar leza tana narkar da shi ya ɓata takarda ya ɓata inji. Tudu marar tawada a kan tambari ya fi aminci, kuma fotokwafi ba ta iya kwaikwayonsa. In kamfani ne, sunansa da lambar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su fito. Ambulan DL, 110 da 220, shi ke ɗaukar A4 da aka naɗe gida uku. Katin kasuwanci kuwa, 85 da 55, nan ne foyil ko sheƙin yubi a kan laminetin marar ƙyalli ke biyan kuɗinsa, sai dai ka bar bayansa ba leda in kana son a iya rubutu a kai.

Hajiya dai a ƙarshe kati 80 muka yi mata masu foyil a kan shuɗin kwali, 520 kuma na Di-ai masu kala ɗaya da su, furen tudun muka haƙura da shi don kwanaki ba za su kai ba. Hatimi biyu na sa aka yi: ɗaya na sunayen ango da amarya, ɗaya na adon gefe da sunan gidansu. Da ta zo karɓa na naɗe na biyun a jarida na miƙa mata, na ce ta shafa masa ɗan mai ta ajiye inda ba laima, tunda kuɗinta ne. Ta jujjuya shi ta ce, "Wannan ƙarfen kuma na mene ne?" Na ce, "Hajiya, ba akwai ƙanwar amarya ba?"